Na'urar Gem Ta Hannu: Abin Da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Zare Kuɗinsa

Duk wanda ya bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ko kuwa ya shiga kasuwar Alaba ta wajen Ojo a 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin waɗansu ƙananan na'urori a cikin gilashin masu sayar da kayan waya ba. Waɗansu ba su wuce tafin hannu ba, waɗansu kuwa sun kai faɗin ɗan littafi, ko wacce da maɓallai a jikinta da fuska mai haske. Waɗannan su ne na'urorin gem na hannu, watau injinan wasa da mutum zai jefa cikin aljihu ko jaka, ya yi wasa da su duk inda zama ya kama shi, ba sai ya nemi talabijin ko wutar lantarki a wurin ba.

Samari 'yan Arewa mazauna Kudu suna cikin waɗanda abin ya fara jan hankalinsu, kuma dalilin a fili yake. Mai gadi yana da dogon dare a gabansa. Direban tirela yakan yi kwana da kwanaki a Apapa yana jiran lodi. Mai shago a Agege ko Idi-Araba, ko a Sabo ta Badun, yana da lokutan da kasuwa take kwanciya. Ga kuma tafiyar ganin gida, daga Ikko zuwa Kano wajen kilomita 1,000 a mota. Da yawa cikin waɗannan samari sun tashi suna buga Mario da Contra a injin nan mai kaset ruwan ɗorawa, daga baya kuma suka riƙa biyan kuɗi a shagon gem don su buga ƙwallon Winning Eleven a PlayStation 2. To, sai ga shi an ce musu duk waɗannan wasanni sun taru cikin abu guda da bai fi waya girma ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta kula shi ne kuɗi. Duk na'urorin nan daga waje ake shigo da su, yawancinsu daga ƙasar Sin, da dala kuma ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Saboda haka abin da Bature yake kira mai araha, a nan yana iya cinye albashin wata guda. Wanda ya saya da ka, ya zo gida ya tarar wasan da ya saye ta dominsa ba ya tafiya, ba shi da wurin kai ƙara.

MENE NE KWAIKWAYO?

Kafin mutum ya san wadda zai zaɓa, wajibi ne ya fahimci yadda abin yake aiki. Ko wane injin wasa na da can, kamar Famicom na kamfanin Nintendo da ya fito a 1983, ko PlayStation na kamfanin Sony da ya fito a 1994, yana da irin ƙwaƙwalwarsa, kuma wasannin da aka rubuta masa da harshensa kaɗai aka rubuta su. Wani injin dabam ba ya jin wannan harshe. Shi ya sa masana suka rubuta wata irin manhaja wadda ake kira emuleta, watau mai kwaikwayo, aikinta kuwa aikin tafinta ne. Tana karɓar umurnin da wasan yake bayarwa da harshen tsohon inji, tana juya shi nan take zuwa harshen sabuwar na'ura, har wasan ya ɗauka yana cikin gidansa na asali.

Kowa ya san tafinta ba ya iya aiki sai ya fi mai magana saurin tunani. Haka abin yake a nan. Na'urar da za ta kwaikwayi wani inji, dole ƙarfinta ya ninka na injin sau da yawa. In ƙarfin bai kai ba, wasan zai buɗe, amma sai a ga hoto yana tsayawa, sauti yana kakkaryewa, ɗan wasa yana gudu kamar mai tafiya cikin taɓo. Wannan ita ce gaɓar da ake yawan cutar masu saye. Mai kaya zai ce na'urarsa tana buɗe wasan PSP, kuma bai yi ƙarya ba, tana buɗewa. Sai dai buɗewa dabam, tafiya sumul dabam.

Manhajojin nan kyauta ne yawancinsu, masu sha'awa ne suke rubuta su. Akwai MAME wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara a 1997 don adana wasannin manyan akwatunan nan da ake jefa wa kwabo. Akwai Dolphin mai kwaikwayon GameCube da Wii, wadda aka fara a 2003, da PCSX2 mai kwaikwayon PlayStation 2. Akwai kuma PPSSPP wadda Henrik Rydgård na ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, ita ce wadda samari da yawa suke buga ƙwallon PES da ita a wayoyinsu ba tare da sun san cewa kwaikwayon PSP take yi ba. RetroArch kuwa kamar rumfa ce da ta tara masu kwaikwayo da yawa a ƙarƙashinta, ita ce ake samu cikin mafi yawan ƙananan na'urorin.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Tarihin wannan sana'a yana da darasi ga mai saye na yau. Kamfanin Nintendo an kafa shi a birnin Kyoto na ƙasar Japan tun 1889, kuma da katin karta ya fara. Wani injiniyansa mai suna Gunpei Yokoi shi ne ya ƙirƙiro Game & Watch a 1980, ɗan inji mai wasa guda ɗaya da agogo a jikinsa. An ce abin ya faɗo masa ne a cikin jirgin ƙasa, da ya ga wani ma'aikaci yana ta danne-dannen kalkuleta don rage zaman banza. Ra'ayin Yokoi shi ne a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa, ta yi araha, aka san halinta, a yi sabon abu da ita.

A kan wannan ra'ayi aka gina Game Boy da ya fito a watan Afrilu na 1989. Fuskarsa ba ta da launi, kore-kore ce, ba ta ma da fitila a bayanta. Amma batir huɗu ƙanana suna kai shi awa 15 ko fiye, kuma a Amurka an sayar da shi kusan dala 90. Abokan hamayya suka fito da waɗanda suka fi shi kyau nesa ba kusa ba. Atari ya kawo Lynx a 1989, Sega ya kawo Game Gear a 1990, dukansu masu launi da haske. Sai dai Game Gear batir shida yake ci, kuma cikin awa uku zuwa biyar ya shanye su, ga shi kuɗinsa ya kai dala 150. Ƙarshen zance, Game Boy da ƙaninsa Game Boy Color an sayar da fiye da miliyan 118, Game Gear kuwa bai wuce miliyan 11 ba.

Ashe ke nan tun farko ba ƙarfi ne yake sa na'urar hannu ta yi amfani ba. Abin da yake sa ta yi amfani shi ne ta daɗe ba ta mutu ba, ta shiga aljihu, kuɗinta ya yi daidai da ƙarfin mai ita, kuma wasan da yake so yana cikinta. Mutumin da yake zaune a unguwar da wuta take zuwa awa huɗu a yini ya fi kowa bukatar ya riƙe wannan darasi.

AJI UKU NE

Na'urorin da ke kasuwa sun fi a ƙirga, ko wane wata sai an fito da sabuwa, amma in an duba da kyau aji uku suka kasu.

Aji na farko su ne ƙanana masu araha, masu aiki da tsarin Linux. Cikinsu akwai Miyoo Mini Plus da ta fito a 2023, da jerin RG35XX na kamfanin Anbernic da ya fara a ƙarshen 2022, da kuma R36S wadda ta fi su yawa a hannun jama'a. Fuskarsu inci uku da rabi ce, kuma a ƙasashen waje an riƙa sayar da su tsakanin dala 35 zuwa 70. Waɗannan suna ɗaukar wasannin Famicom, da Super Nintendo, da Sega Mega Drive, da Game Boy iri-iri, har zuwa PlayStation na farko, ba tare da wata wahala ba. Daga nan kuwa ƙarfinsu ya fara ƙarewa. Waɗansu wasannin PSP da Nintendo 64 marasa nauyi sukan tafi a kan wasunsu, manya kuwa sai dai a yi ta haƙuri. PlayStation 2 kam ba su da hanyarsa ko kaɗan, duk wanda ya ce suna yi, yaudara ce.

Aji na biyu su ne masu tsarin Android, watau kamar waya ce aka cire mata layin kira aka sa mata maɓallai da fanka. Misalinsu Retroid Pocket 5 da ta fito a ƙarshen 2024 a kan dala 219, da fuska inci biyar da rabi da ƙwaƙwalwar Snapdragon 865, sai kuma Odin 2 ta kamfanin AYN da ta fito a 2023 daga dala 299, mai ƙwaƙwalwar Snapdragon 8 Gen 2 da batir mai 8,000 mAh. Waɗannan suna shanye PSP da Dreamcast kamar ruwa, kuma suna ɗaukar mafi yawan wasannin PlayStation 2 da GameCube. Wanda burinsa God of War ne ko ƙwallon da ya saba bugawa a shagon gem, a nan ajinsa ya fara. Amma fa ya sani yawancinsu ba sa zuwa da wasa a ciki, shi ne zai zauna ya sa manhajoji ya daidaita su, aikin da yakan ci yini guda ga wanda bai saba ba.

Aji na uku kwamfuta ce sosai aka matse ta ta zama ta hannu. Jagorarsu ita ce Steam Deck ta kamfanin Valve na Amurka, wadda ta fito a watan Fabrairu na 2022 daga dala 399, sai ROG Ally ta kamfanin Asus mai tsarin Windows da ta biyo baya a watan Yuni na 2023. Waɗannan ban da tsofaffin wasanni, suna buga sababbin wasannin kwamfuta ma. To, amma Steam Deck nauyinta gram 669 ne, watau ya haura rabin kilo, ba ta shiga aljihun riga, kuma ko da yake batirinta babba ne, kamfanin da kansa ya ce tsakanin awa biyu zuwa takwas yake yi, gwargwadon nauyin wasan. Bugu da ƙari, lokacin da ta fito Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da kamfanin yake sayar wa kai tsaye, saboda haka wadda aka samu a kasuwa ta hannun 'yan kasuwa ta shigo, da ribarsu a kai.

Hanyar zaɓe ke nan ta fito fili. Mutum ya zauna ya rubuta sunayen wasanni biyar da ya tabbata su yake marmari, sa'an nan ya duba wane inji ne ya fi nauyi a cikinsu. In duk ba su wuce PlayStation na farko ba, sayen abin da ya wuce aji na farko ɓarnar kuɗi ce. In kuwa akwai PlayStation 2 a ciki, sayen aji na farko shi ne ɓarnar, gama araha ba ta ado.

SIFFAR FUSKA

Abu na biyu da ba a cika lura da shi ba shi ne siffar fuskar na'urar. Tsofaffin wasanni an yi su ne domin talabijin irin na da mai ƙusumbi, wanda faɗinsa huɗu ne tsayinsa uku. Ƙananan na'urorin aji na farko yawancinsu haka fuskarsu take, da ɗigo 640 a faɗi, 480 a tsaye, shi ya sa hoton yake cika ta daidai. PSP kuwa fuskarsa doguwa ce irin ta talabijin na zamani, 16 bisa 9. In aka sa wasan PSP a fuska mai huɗu bisa uku, sai hoton ya tsuke, baƙin layi ya fito sama da ƙasa, rubutu ya zama sai an ƙura ido. In kuma aka sa tsohon wasa a doguwar fuska, baƙin zai koma dama da hagu, ko kuwa a ja hoton har mutane su yi ƙiba.

Haka kuma akwai na tsaye irin ƙirar Game Boy, akwai na kwance. Na tsaye sun fi saukin ɗauka, amma mai manyan hannaye yatsunsa za su ƙage kafin awa guda. Har wa yau a duba ko na'urar tana da sandunan nan biyu da ake juyawa da babban yatsa, waɗanda 'yan gem suke kira analog. Miyoo Mini Plus ba ta da su, kuma ba ta bukatarsu ga wasannin da take ɗauka, amma wasannin PlayStation 2 da yawa ba sa yiwuwa sai da su.

WUTA DA BATIR

A nan ne mazaunin Nijeriya ya sha bamban da mai saye na Turai. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Batirin Miyoo Mini Plus 3,000 mAh ne, ƙarfin da yake ajiyewa ya kama awa-wat 11, kuma yakan yi wajen awa biyar zuwa shida. Fawa bank mai 10,000 mAh, irin wanda kusan kowa yake da shi, yana ajiye wajen awa-wat 37, watau zai cika ta sau biyu har da ragowa. Batirin Steam Deck ta farko kuwa awa-wat 40 ne, cajarta mai wat 45 ce. Wannan fawa bank ɗin ko sau ɗaya ba zai cika ta ba, in ma yana da ƙarfin tura mata wuta ke nan. Mai gadin da ba shi da soket a ɗakinsa, ko matafiyin da zai kwana a hanya, ƙaramar ta fi masa babbar ko da kuɗin babbar yana aljihunsa.

Akwai kuma wata matsala ta caji da ta jawo an mai da na'urori masu lafiya wurin mai kaya ana cewa sun lalace. Waɗansu masu araha bakin cajinsu irin na zamani ne, USB-C, amma ba a haɗa shi yadda zai yi magana da caja mai sauri ba. In aka sa musu irin wannan caja sai su ƙi karɓar wuta. Maganin shi ne a yi amfani da caja ta gargajiya mai bolt 5 da wayar da ta zo cikin kwalin. Kada kuma a bar na'ura cikin mota a rana, ko a yi ta wasa tana kan caji har ta yi zafi, domin zafi shi ne babban abokin gabar batir. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi, a daina caja shi nan take, gobara yake jawowa.

MEMORI DA JABU

Mafi yawan na'urorin aji na farko suna zuwa da katin memori a ciki, an rubuta a kwali cewa akwai wasa 10,000 ko 15,000. Mai saye ya san abu biyu game da wannan. Na ɗaya, adadin kumbura shi aka yi, wasa guda yakan fito sau biyar ko shida da harsuna dabam-dabam, waɗansu da Japananci, waɗansu kuma ba sa buɗewa sam. Duk wanda ya taɓa riƙe Brick Game mai cewa 9999 a ɗaya ya san irin wannan lissafi. Na biyu, katin da kansa yawanci marar suna ne, marar ƙarko, kuma a waɗansu na'urorin tsarin da yake tayar da su ma a kansa yake. Ranar da ya mutu, na'urar ba za ta ko kunnu ba. Saboda haka masu sanin abin sukan kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun ranar farko, su mai da shi kan kati na kirki irin SanDisk ko Samsung.

Shi ma katin na kirki ana yin jabunsa. Akan ɗauki kati mai giga 8 a sauya masa bayani ya riƙa nuna giga 128, sai an zuba kaya sun wuce ƙarfinsa na gaskiya sa'an nan a ga komai ya lalace. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da take cika katin ta karanta don a gane gaskiyar cikinsa. Girman da mutum yake bukata kuwa ya danganta da ajinsa. Wasan Famicom bai cika kai mega ɗaya ba, na Game Boy Advance ba ya wuce mega 32, faifan PlayStation na farko yana kai mega 700, na PSP giga 1.8, na PlayStation 2 kuwa giga 4.7. Kati mai giga 64 ya ishi mai ƙaramar na'ura har ya yi yawa, amma manyan wasannin PlayStation 2 ko ashirin ba zai ɗauka ba.

Na'urar kanta ma ba ta tsira ba. R36S ta yi farin jini har aka cika kasuwa da masu kama da ita, kwali iri ɗaya, jiki iri ɗaya, amma kayan ciki dabam. Ta ainihi tana da ƙwaƙwalwar Rockchip RK3326 da giga ɗaya na ma'ajiyar aiki, jabun kuwa waɗansu rabin haka gare su. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya fi shi ne mutum ya je da wanda ya san kan abin, a kunna a gabansa, a buɗe wasa mafi nauyi cikin jerin nan nasa guda biyar, a buga na minti goma. A danna ko wane maɓalli, a duba fuska ko akwai ɗigon da ya mutu, a sa caja a ga ta kama, a karɓi rasit mai sunan shago da sharaɗin kwanakin da za a iya mayarwa. Mai oda ta intanet kuwa ya zaɓi inda ake biya bayan kaya sun iso, ko inda ake mai da kuɗi, don kada ya sayi kifi a ruwa.

INA DOKA TA TSAYA?

Wajibi ne a rarrabe tsakanin manhajar kwaikwayo da wasannin da ake sa mata. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da Sony ya kai kamfanin Connectix, wanda ya yi manhajar buga wasannin PlayStation a kwamfuta, ta ce hanyar da aka bi aka gina ta ba ta saɓa doka ba. A watan Afrilu na 2024 ma kamfanin Apple ya buɗe ƙofar kasuwar manhajojinsa ga masu kwaikwayon tsofaffin injina.

Wasannin kuwa dukiyar masu su ce. A 2018 Nintendo ya kai masu shafin LoveROMs kotu saboda raba wasanninsa, aka ƙare a kan diyyar fiye da dala miliyan 12. A watan Maris na 2024 masu manhajar Yuzu mai kwaikwayon Switch suka yarda su biya dala miliyan 2.4 su rufe aikinsu, a watan Oktoba na shekarar kuma takwararta Ryujinx ta tsaya. Nijeriya ma tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi manhajojin kwamfuta. Gaskiyar magana ita ce dubban wasannin nan da ake zubowa cikin katin na'urori masu araha ba da izinin masu su aka kwafe su ba.

Masu goyon bayan kwaikwayo su ma suna da hujjarsu. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a watan Yuli na 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su kuma. In ba don masu kwafewa da masu kwaikwayo ba, da yawansu da sun ɓace. Duk da haka wanda yake son ya tsaya inda babu shakka yana da hanyoyi. Analogue Pocket da ta fito a watan Disamba na 2021 kaset ɗin Game Boy na ainihi take karɓa. Evercade ta kamfanin Blaze na Ingila, tun 2020, tana sayar da kaset masu lasisi. Nintendo yana ba masu biyan kuɗin Switch Online tsofaffin wasanninsa, mai Steam Deck kuma yana iya sayen tarin tsofaffin wasanni a kasuwar Steam.

KO WAYA TA ISA?

Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa kafin duk wannan ita ce, shin wayar da ke aljihunsa ba ta isa ba? Wayar Android mai matsakaicin ƙarfi ta fi duk na'urorin aji na farko ƙarfi, kuma tana ɗaukar PPSSPP da RetroArch kyauta. In aka saya mata hannun wasa mai haɗuwa ta Bluetooth, an gama. Wannan ita ce hanya mafi araha, kuma ita ce ta dace da wanda yake son ya gwada tukuna ya ga ko marmarin nasa zai wuce mako biyu.

Illarta guda ce, amma babba. Ga ɗan Arewa mai neman abinci a Kudu, waya ita ce shago, ita ce banki, ita ce hanyar da gida suke samunsa. Wanda ya ƙarar da cajinta a kan ƙwallo, abokin ciniki ya kira da yamma ya ji ta a kashe, ya yi asarar da ta fi kuɗin gem. Wannan shi ne babban amfanin ƙaramar na'ura ta dabam: in ta mutu, wasa ne kawai ya tsaya.

Iyaye masu saya wa yara kuma su lura, katin nan mai dubban wasanni ba a tace shi ba, akwai na faɗa da zubar da jini irin su Mortal Kombat a ciki, gara a zauna a goge abin da bai dace ba, a kuma yanka wa yaro lokaci don kada karatu ya sha kashi. Babba ma haka, mai gadin da ya sa abin ji a kunne ya dukufa kan wasa, ɓarawo yake yi wa aiki.

Abin da ya rage wa mai niyyar saye shi ne ya tafi kasuwa da jerin wasanninsa biyar a rubuce, da iyakar kuɗin da ya yanke tun daga gida, ya ware wani abu a ciki na katin memori na kirki, kuma kada ya yarda ya biya sai ya ga wasan yana tafiya da idonsa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.